Wata bakwai da aikin gwiwa, ina son in fara dambe, ku ba ni shawara

Nasiru Badariya:
Assalamu alaikum. Admin a yi mini afuwa, na san ƙwallo ce ta tara mu a zauren nan, amma yau da wata magana na zo. Waɗanda muke buga ta yamma tare sun san abin da ya same ni bara. Na kafa ƙafar hagu zan juya, ba wanda ya taɓa ni, sai na ji ɗas a cikin gwiwa. Kafin isha'i ta kumbura kamar ƙwarya. Wata huɗu ina zarya wurin wani mai ɗori yana ce mini targaɗe ne. Kumburin ya saɓe, amma da na sauka daga babur ko na juya da sauri sai ƙafar ta zille mini. Daga baya aka yi hoton MRI a Sakkwato, aka ga jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke ce wa ACL, ta tsinke. An yi mini aiki a Kano, yau wata bakwai da kwana tara. Daga bayan cinyata aka ciri jijiya aka dasa.

Yanzu alhamdu lillahi ba na ɗingishi, ina hawa bene, ina salla a tsaye, da asuba har sassarfa nake yi zuwa filin wasa na Haliru Abdu in dawo. Ƙwallo kam na haƙura, tsoronta nake ji. Abin da raina ke so shi ne dambe. Tun ina yaro in na ji kalangu jikina ke tsuma, amma ban taɓa ɗaura zare ba. Shekarata 24. A ganina dambe da hannu ake yin sa, ƙafa tsayuwa ce kawai aikinta. Ina son in fara koyo yanzu da damina, in kaka ta yi in shiga ko turmi ɗaya ne da sa'ana. Wanda ya san harkar ya faɗa mini gaskiya.

Bashar Mai Kabu-kabu:
Ka bar ƙwallo don tsoron gwiwa ka nufi dambe? Ana gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ni da na riƙa ɗaukar ka zuwa gashi kana riƙe da sanduna biyu, ban yafe ba in ka sake mayar da ni wannan aikin.

Abba Zaki:
Rabu da shi Nas. Mutum da jikinsa. In kana jin ƙarfi ka shiga kawai, sa bandejin gwiwa irin na roba ka ɗaure tamau. McGregor, ɗan damben keji na UFC, ma jijiyar nan ya tsinka, ya dawo ya ci kambu biyu.

Kawu Manu Argungu:
Ɗana, wa yac ce maka dambe da hannu aka yin shi? Shekara goma sha ukku ina dambe, daga Argungu har Kamba da Gaya, kuma har yau in hadari ya taso gwiwata ka fara sanar da ni, ba hannu ba. Hannun da anka ɗaure ɗan aike ne. Ƙarfin daga ƙasa shika tasowa.

Bari in tambaye ka. Da wane hannu kaka cin tuwo?

Nasiru Badariya:
Da dama, Kawu.

Kawu Manu Argungu:
To dama za a ɗaure maka, hagu ta zan garkuwa. Ke nan ƙafar hagu na gaba, wadda anka yi ma aiki. Za ka kwanta baya bisa ƙafar dama kana auna mutum, sa'an nan ka kwaso jikinka duka ka aza ma ta hagu lokacin da kaka sakin hannu. Kuma ba bisa siminti ba, cikin rairai, ba takalmi. Tafin ƙafa ya nutse ya kahu, ƙugu ya juya, ƙafa ba ta juya ba. In ka sami mutum, shi ya tare maka nauyin. In ya goce, kai da gwiwarka ku san yadda za ku yi. Sake karanta yadda kac ce ka ji ciwon ga fili, ka ga ko ba wanga juyi ne ba.

Na biyu, ga dambe ana shuri. Ƙafar gaba ita ka shan shi. Kuma ba da dogon wando aka shiga ba, tabon aikin kowa na ganin shi. Ɗan dambe ba mugu ne ba, amma ba shi zuwa fili don shi ji tausayin ka. In gwiwa ta taɓa ƙasa an kashe ka, wato an ci ka, to mi za shi hana shi neman ta?

Malama Hadiza:
Kawu ya gama rabin aikina. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, maigidana ne ya miƙo mini wayar ya ce in duba, shi ya sa kuka ga baƙon suna. Nasiru, ban duba ka ba, don haka maganata ba za ta maye gurbin ta likitan da ya yi maka aiki ba. Amma akwai abin da ba a cika yi wa mutane bayani ba.

Jijiyar da aka dasa maka ba ta zama ACL ranar da aka ɗinke fata ba. Jiki sai ya bi ta da sababbin hanyoyin jini, ya rushe wani ɓangare ya sake ginawa, a hankali take rikiɗa. A wata na biyu zuwa na uku ma ta fi rauni, daidai lokacin da mutum ya yar da sanda yana jin ya warke. Wannan rikiɗar tana wuce shekara ba ta kammala ba. Matsalar ita ce ciwo yana riga rauni tafiya. Ba ka jin zafi, amma hakan bai gaya maka komai a kan ƙarfin abin da ke ciki ba. Sassarfar da kake yi kuma miƙe take, gaba kawai. Mutumin da ba shi da ACL ɗungurungum ma yana iya gudu a miƙe. Aikin jijiyar yana fitowa ne a juyi, da birki, da dira.

Akwai binciken da aka wallafa a 2016, an bi mutum 106 da aka yi wa aikin nan a Norway. An ga duk wata ɗaya da mutum ya jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. Waɗanda suka koma ba su ci gwajin ƙarfi ba, kusan 38 cikin ɗari sun sake jin rauni a gwiwa. Waɗanda suka ci gwajin, ba su kai 6 cikin ɗari ba. Kuma shekarunka ba sa taimakon ka a nan. 'Yan ƙasa da 25 da suka koma wasanni masu juyi, kusan ɗaya cikin huɗu yana sake tsinka jijiyar, ko a wannan gwiwar ko a ɗayar.

Amsa mini uku. An taɓa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, an ɗinke ko an yanke? Gwiwar tana kumbura washegarin ranar da ka yi gudu? Kuma yaushe rabon ka da zuwa gashi?

Nasiru Badariya:
Na gode Malama. Sun ce sun ɗan datse gefen guringuntsin da ya yage. Kumburi kaɗan ne, in na yi nisa sai in ji ta cika da yamma, zaman tahiya ya yi mini wuya. Gashi kuma gaskiya tun wata na huɗu na daina zuwa, kuɗin ya yi yawa, kuma na ga ina tafiya lafiya.

Bashar Mai Kabu-kabu:
Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ko da a Kano aka yi aikin.

Malama Hadiza:
To ka ga. Gwiwar da ke cika bayan gudu tana gaya maka an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Kuma wata na huɗu shi ne lokacin da ainihin aikin ƙarfafa cinya yake farawa, kai kuma a nan ka tsaya. Ba kai kaɗai ba ne, mafi yawan waɗanda nake gani haka suke yi, da sun ajiye sanda sai su ɓace.

Abba Zaki:
Da girmamawa Malama, ku ma'aikatan asibiti kun cika tsoratarwa. 'Yan damben da ke karye hannu su je wurin mai ɗori su dawo fili bayan wata biyu fa? Kuma na kawo misalin McGregor ba wanda ya amsa mini.

Malam Shehu Gusau:
Bari in amsa maka Abba. McGregor ya tsinka tasa a watan Agusta 2013 a wasansa da Max Holloway, bai sake shiga keji ba sai Yuli 2014. Lissafa da kanka, wata goma sha ɗaya. Georges St-Pierre, shi ma ɗan damben keji, ya tsinka a ƙarshen 2011, ya dawo a Nuwamba 2012. Van Dijk da muke gardama a kansa kullum a nan, Oktoba 2020 Pickford ya faɗa masa, sauran kakar wasan gaba ɗaya ta wuce shi. Waɗannan mutane ba su da wani aiki sai jinyar gwiwa, safe da yamma, da likitoci a kansu. Kuma dukansu sun iya sana'arsu tun kafin raunin, komawa suka yi. Nasiru koyo zai fara. Ɗan koyo shi ne mai saka ƙafa inda bai kamata ba, shi ne mai kai duka ya wuce da jikinsa.

Karaya kuma daban take. Ƙashi yana haɗewa da kansa in an daidaita shi, shi ya sa masu ɗori ke cin nasara a kansa. Wannan jijiyar a cikin ruwan gaɓa take, in ta rabu biyu ba a cika samun ta haɗe ba.

Ni ba a littafi na karanta ba. Ina tekwando tun ina makaranta. Aka yi mini aikin nan a gwiwar dama, wata biyar na koma horo don akwai gasar da nake hari. Mako uku na yi. Ranar da abin ya faru ko abokin karawa babu, shuri nake koya wa yara, na juya a kan ƙafar na ji ta tafi. Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, sai da aka ciri jijiya daga wani wurin daban. Yau shekarata 37, a kan kujera nake salla in sanyi ya shigo. Bandejin robar da kake faɗa ina sanye da shi ranar. Yana ɗumama gwiwa, yana sa ka ji kamar an riƙe ka, amma roba ba ta hana ƙashi juyawa.

Sani Kamba:
Ni dai da za ka ji tawa, bar dambe ka zo kokawa. Ba duka, ba zubar da haƙori. Dubi Issaka Issaka na Dosso, sau nawa yana ɗaukar takobin gasar kokawa a Nijar, lafiyarsa ƙalau.

Ɗanladi Zuru:
Sani kana son ka ƙarasa yaron mutane ne? Mu da muka tashi cikin kokawa, zo bikin Uhola ka gani. Taɗiya, sarƙe ƙafa, a ɗaga ƙafarka ɗaya a bar ka kana tsalle a kan ɗayar, ga nauyin ƙato a wuyanka. In dambe zai ci gwiwarsa a wata, kokawa a yini za ta cinye ta. Sai dai in da Bazamfare za a haɗa shi, wannan ko da sanda ya shiga zai kayar.

Malam Shehu Gusau:
Ɗanladi ka ci albarkacin gwiwata. Da ina da biyu da ka maimaita a gabana.

Ustaz Kabiru:
Ni ba ta gwiwa nake ba. Ya tabbata a hadisi cewa in ɗayanku zai yi faɗa ya nisanci fuska, dambe kuwa fuskar ake nema. Ga abin da dukan kai ke jawowa bayan shekaru. A duba wannan ma.

Admin:
Ustaz an ji, kuma magana ce babba, amma in muka buɗe ta yau ba za mu rufe ba. A bar ta zuwa wani zama. Sannan na goge saƙon wanda ya ce a sha ƙwaya kafin a shiga fili. Ba a tallar tiramol a zauren nan. Wanda ya sake zan fitar da shi.

Malama Hadiza:
Allah ya saka, Admin. Ko ba don komai ba, zafi shi ne ɗan saƙon da ya rage wa gwiwar. In aka toshe bakinsa, sai an ji ɗas na biyu za a sani.

Aminu Badariya:
Nasiru. Tun safe nake karantawa ban ce komai ba. Inna ta san da wannan maganar? Shinkafar rani buhu talatin muka fitar, da bijimin da Baba ya bari, kafin a kai ka Kano. Ni na kwana a barandar asibiti kwana shida. Ba gori nake maka ba, kai ƙanena ne, ko gobe aka ce a sake zan sake. Amma ka sani babu wani bijimin.

Bashar Mai Kabu-kabu:
Tirƙashi. Ashe Yaya na ciki.

Nasiru Badariya:
Yaya ka yi haƙuri, ban san kana zauren nan ba, kuma da na sani ma da kai ya kamata in fara. Ban manta ko ɗaya ba. Amma bari in faɗi abin da ban iya faɗa a gida. Fiye da shekara ke nan duk wanda ya gan ni sai ya ce sannu. A shago in an kawo kaya sai a ce Nasiru zauna kar ka ɗauka. Yaran da nake koya wa ƙwallo yanzu su ke ba ni kujera. Na gaji da zama abin tausayi. Ina son in tsaya gaban namiji ɗan'uwana in ji cewa jikina nawa ne. Ba kuɗi nake nema a dambe ba, ba mota ba, ba suna ba.

Kawu Manu Argungu:
Yanzu kay yi magana. Wanga ciwo na san shi, ya fi na gwiwa. Lokacin da niy aje zare, wata shida ban iya zuwa kallo, in na ji makaɗa sun ɗauko kiɗin wani sai in bar wurin.

To ji nan. Dambe ba ranar shiga fili aka fara shi ba. Yaran da munka koya ma, wani shina shekara yana bin mu da ruwa da zare, yana kallon yadda aka tsayuwa, bai taɓa kowa ba. Shago, ɗan damben da makaɗi Ɗan Anace yay yi ma waƙa har duniya ta san shi, shi ma da kallo ya fara kamar kowa. Ka zo ka zauna kusa gare ni, in nuna maka abin da 'yan kallo ba su gani: yadda aka karanta kafaɗar mutum, yadda aka auna tazara da hannun garkuwa, lokacin da aka ja baya. Buhun rairai na nan rataye, ka buga abinka. Amma ba ni haɗa ka da kowa bana. Wanda duk yac ce zai haɗa ka da kaka, ba masoyinka ne ba, kuɗin ƙofa shika so.

Sani Kamba:
Kawu, in ya koma bahago fa? A ɗaure masa hagu, ƙafar dama ta dawo gaba, mai ciwon ta ɓuya a baya.

Kawu Manu Argungu:
Hannun da bai iya kashe sauro shi za ka aika shi kashe ƙato? Kuma ƙafar baya ita ka tunkuɗa jiki. Babu ƙafar da ka hutawa ga dambe.

Malama Hadiza:
Kawu na yarda da zuwa kallo da koyon tazara. Buhun ne nake da ja a kansa. Bugun buhu da cikakken ƙarfi juyin nan ne dai da ka bayyana da kanka, sai dai buhu ba ya gocewa. A yanzu ya buga a tsaye, rabin ƙarfi, a ƙasa mai tauri inda tafin ƙafa zai iya juyawa tare da ƙugu, ba cikin rairayi mai zurfi ba.

Kawu Manu Argungu:
Ɗiyata, bugun rabin ƙarfi ai lallashi ne. Amma ke kin ga cikin gwiwa, ni waje nig gani. Na bi.

Malama Hadiza:
Nasiru ga abin da za ka yi, don maganar ta bar hannun ra'ayi. Ka ari tef wurin tela, ka auna santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa, ka zagaye cinyar a nan, dama da hagu. Wannan ba gwajin ƙarfi ba ne na sosai, amma zai nuna maka abin da idonka ya ƙi gani. Sannan ka koma wurin masu gashi, nan Birnin Kebbi ma akwai su a manyan asibitoci, ba sai ka je Kano ba. Ka ce a gwada ƙarfin cinyarka, in sun ga gwiwar ba ruwa a yi maka gwajin tsalle da ƙafa ɗaya. Kar ka yi shi kai kaɗai a tsakar gida. Abin da ake nema shi ne ƙafar da aka yi wa aiki ta kai aƙalla 90 cikin ɗari na lafiyayyar, a ƙarfi da tsalle, ba kumburi, kuma in ka dira gwiwar ba ta karkata ciki ba. Wata tara shi ne mafi ƙaranci, ba shi ne lasisi ba. In an cika waɗannan, sai a fara juyi da birki a hankali, sannan wasa da abokin da ka yarda da shi, sannan fili. Kuma likitan da ya yi aikin shi ke da kalmar ƙarshe.

In kuɗin zuwa kullum ne matsala, ka gaya musu gaskiya. A rubuta maka abin da za ka yi a gida, ka riƙa zuwa sau ɗaya a wata a duba.

Aminu Badariya:
Kuɗin sau ɗaya a wata ina iya ɗauka. Ya je.

Nasiru Badariya:
Salam, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Tef: cinyar dama 52, ta hagu 48. Sau uku ina aunawa don ban yarda ba. Shekaranjiya na koma asibiti, bayan sun sa na huta da gudu mako ɗaya tukuna, suka duba ba ruwa, sannan aka yi tsallen. Dama santimita 150. Hagu 111, kuma da na dira sai da na dafa bango. Mai gashin ya ce 74 cikin ɗari ke nan, sai na kai 135 kafin ma a fara wata magana. Abin da ya fi ba ni mamaki, da aka ce in yi tsallen da hagu sai na tsaya kusan minti ɗaya na kasa tashi. Ba zafi nake ji ba, ƙafar ce kawai ta ƙi.

An rubuta mini tashi daga kujera da ƙafa ɗaya, sauka daga dakali a hankali, ɗaga ƙugu ina kwance rigingine saboda bayan cinyar da aka ciri jijiya, da keke. Gudu an rage mini shi zuwa rabi. An ce in koma bayan mako shida.

Abba Zaki:
111 ma ai ba laifi. Ni da ƙafata lafiya ban tabbata zan kai ba.

Malama Hadiza:
Wannan tsayawar ta minti ɗaya ka gaya wa mai gashin in ka koma, tana cikin abin da ake aunawa. Kuma ranar da gwiwar ta kwana a cike, washegari ka rage nauyi, kar ka ƙara.

Kawu Manu Argungu:
Juma'a bayan la'asar ina rumfar mahauta, kowa ka tambaya shina nuna maka. Ka zo da yayanka in shina so. Kar ka sawo zare, ba ka da aikin shi.

Usman Tela:
Nasiru tef ɗina fa? Kwana tara ke nan, ina da ɗinkin biki ranar Asabar.